Gilashin Taga Mai Yin Fari Idan Ya Ji Zafi: Yadda Ya Kasance a Wani Shagon Ɗinki a Maraɗi

Cikin kayan gini da ƴan kasuwarmu suka fara shigowa da su daga ƙasar Sin akwai wani gilashin taga wanda, idan da sanyi, ba ka iya bambanta shi da gilashin da aka saba, amma da zarar ya ɗauki zafi sai ya yi fari fat har ba a ganin abin da ke bayansa, idan ya huce kuma ya washe da kansa. Ba ya cin wutar lantarki, ba shi da batir, ba shi da makunni. Gilasai biyu ne aka haɗa fuska da fuska, aka shimfiɗa siririn jel, wato abu mai kauri da aka haɗa da ruwa da folima (sinadari dangin roba), a tsakaninsu, sannan aka liƙe gefuna huɗu don kada ruwan ya tsere. Yayana, wanda yake da shagon ɗinki da surfani a unguwar Ali Ɗan Sofo, ya sa an kafa masa babba a gaban shago, wanda ke fuskantar yamma, da ƙarami a bangon arewa saman teburin yanka, ni kuma na karɓi guntun samfurin da mai shigo da kayan yake nuna wa masu saye. Gilasan sun ga hunturu, sun ga bazara, sun ga damina, saboda haka ana iya faɗin abin da suka yi da abin da suka kasa.

Kayan ba na yaudara ba ne. Abin da takardarsa ta ce zai yi shi yake yi, kuma a daidai zafin da ta ambata, wato digiri 32 na ma'aunin Salsiyos. Matsalar tana cikin lambar kanta. Digiri 32 ya dace da ƙasashen da ake kiran talatin rana mai tsanani, bai dace da garin da iskar cikin inuwa takan haura 40 a Afrilu da Mayu ba. Wanda ya sayi wannan gilashi a Maraɗi ya biya kuɗin abu mai buɗewa da rufewa, amma watanni da dama zai same shi a rufe tun daga hantsi har dare ya raba. Na san abin da ke jan mutane zuwa gare shi: mafi yawan wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, kuma wanda ya zauna a garin nan lokacin da aka yanke ta a Agustan 2023, aka kai Maris na 2024 kafin a maido, ba ya raina duk abin da aka ce yana rage zafi ba da waya ba. Sai dai son abu bai kamata ya hana a auna shi ba.

Da yake koyar da kimiyyar sinadarai ce sana'ata, takardar da ta zo da kayan na fara nema, kuma a cikinta an rubuta sunan folimar, PNIPAM. Folima doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sinadari iri ɗaya da aka jera dubbai, danginta su ne roba da leda da zaren nailan. Abin da ya ware wannan daga cikinsu shi ne kowace gaɓa ta sarƙar tana ɗauke da reshe mai ɓangare biyu masu saɓanin hali: ɓangaren amaid, wanda ke son ruwa har yana ƙulla wani riƙo mara ƙarfi da shi da ake kira haɗin haidirojin, da ɓangaren aisofurofil, wanda ɗabi'arsa ta maiƙo ce, ba ya jituwa da ruwa. Muddin zafi bai kai 32 ba, ƙawancen amaid da ruwa ne ke rinjaye. Ruwa yana lulluɓe sarƙar, har ɓangaren maiƙon ma ƙwayoyin ruwa sukan jeru su kewaye shi cikin tsari, sarƙar ta miƙe ta saki jiki, jel ya kumbura. A wannan hali folima da ruwa sun cakuɗe sun zama abu guda, haske yana ratsa su bai ci karo da wata iyaka ba, shi ya sa ido ke ganinsu garau.

Jeruwar da ruwa ke yi a gefen maiƙo tana da tsada, domin ƙwayoyin da suka jeru sun rasa walwalar da ƴan'uwansu ke da ita. Zafi na ƙaruwa, motsinsu na ƙaruwa, haɗin haidirojin na raunana, har a kai matakin da sakin ruwan ya fi riƙe shi riba. Daga nan sarƙar ba ta bin abin a hankali: cikin tazarar digiri ɗaya ko biyu takan fatattaki ruwan jikinta, ɓangarorin maiƙo su manne da juna, ta dunƙule ta zama ƙulli. Jel da aka yi da ita yana iya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na girmansa a wannan juyi, kuma juyin yana shan zafi daga kewayensa, ko da yake a siririyar shimfiɗa irin ta taga abin da yake sha bai taka kara ya karya ba. Abin da ya shafi ido shi ne an sami abu biyu a inda da akwai ɗaya: ƙulle-ƙullen folima, masu ma'aunin karya haske (yadda abu ke lanƙwasa hasken da ya ratsa shi) kusan 1.5, cikin ruwa mai 1.33. Haske idan ya shigo sai ya yi ta karo da iyakokin nan yana warwatsewa ta kowace fuska, wani ya koma waje, wani ya shige ciki a baje, ido kuma ya ga fari. Duk wadda ta taɓa fasa ƙwai a kasko ta ga makamancin haka, inda ruwan ƙwai mai garau ke yin fari da jin wuta. Bambancin shi ne ƙwai ba ya komawa, wannan kuwa yana komawa duk sa'ad da ya huce.

Halin ba yau aka gano shi ba. A 1968 Heskins da Guillet na Jami'ar Toronto suka wallafa binciken da ya tabbatar cewa wannan folima tana rabuwa da ruwa a wajen digiri 32, saɓanin yawancin abubuwa da zafi ke ƙara narkar da su. Toyoichi Tanaka na cibiyar MIT a Amurka ya nuna a 1978 cewa jel yana iya tsukewa kwatsam, a 1984 kuma shi da Hirokawa suka nuna haka a jel na PNIPAM. Abin da ya ɗaga darajar lamba 32 kuwa kusancinta ne da zafin jikin mutum, wato 37. A 1990 Teruo Okano da abokan aikinsa a Tokyo suka shafe farantin renon ƙwayoyin halitta da shimfiɗar PNIPAM siririya ƙwarai, wadda kaurin da ya fi aiki bai wuce nanomita 20 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A digiri 37 ƙwayoyin suna mannewa suna yaɗuwa, idan aka sauke zafi zuwa 20 shimfiɗar ta sha ruwa ta kumbura, sai su ɗago falle guda ba tare da an zuba musu sinadarin da ke tsinka su ba. Da irin wannan falle likitoci a Japan suka gyara tantanin da ke rufe baƙin idon marasa lafiya, aka wallafa sakamakon a 2004. A hannun likita ke nan 32 alheri ce. Masu yin tagogi gadonta suka yi saboda PNIPAM ce aka fi sani kuma aka fi nazari, ba don an gwada ta da ranar Sahel ba.

A hunturu gilashin ya fi nuna kansa. A Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa, ana buɗe shago yana garau, na ciki suna ganin titi, masu wucewa suna ganin manyan rigunan da aka rataye. Haka yake zama har bayan azahar, kafin rana ta juyo yamma. Da ta fara dukansa sai wani dishi-dishi ya ɓullo daga tsakiya ya yi ta faɗi, gefunan da firam ɗin alminiyam ke yi wa inuwa su ne na ƙarshe, cikin ƴan mintoci duk fuskar ta yi fari. Gab da magariba, idan rana ta faɗa bayan ginin ƙetaren titi, sai ya fara washewa daga gefe zuwa tsakiya. Ranar da hazo ya rufe rana kuwa wani lokaci ko fari ba ya yi, wani lokaci ya tsaya rabi da rabi. Wannan shi ne aikin da aka saye shi dominsa, kuma a watannin nan ban ga abin kushewa ba.

Da guntun samfurin na auna abin da ido ya gani. Na tsoma shi a roba mai ruwa tare da ma'aunin zafi, ina ƙara ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, ina jira har ya daidaita kafin in ƙara. Ya fara dishi-dishi da ya ɗan haura 31, kafin 34 ya rufe gaba ɗaya. Da na juya ina sanyaya ruwan, bai washe sosai ba sai da aka sauka wajen 30. Wannan jinkirin komowa sanannen hali ne na PNIPAM: sa'ad da sarƙar ta dunƙule, ɓangarorin amaid da suka rasa ruwa sukan ƙulla haɗin haidirojin tsakaninsu, kuma sai an kwance wannan sabon ƙulli kafin ruwa ya sami shiga. A ɗakin gwaji digiri ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma a daren Mayu, inda iska ke tsayawa kusa da 30 kuma bango yana ta fitar da zafin da ya sha da rana, su ne ke raba tagar da ta washe da wadda ta kwana da dishi-dishi. Yaran shago sun gano nasu gwajin ba tare da ma'auni ba. Da safe sukan manna gindin finjalin shayi mai zafi a jikin gilashin, su ɗauke, a ga farar da'ira daidai faɗin finjalin tana shuɗewa sannu a hankali. Da la'asar kuma su manna tsumma jiƙaƙƙe da ruwan randa, su sami ƴar kafa da za su leƙa titi. Na hana su watsa ruwan sanyi kai tsaye, domin gilashi mai zafi yana iya tsagewa.

Saurin juyin ya ba ni sha'awa, kuma yana da dalili. Tanaka da Fillmore sun nuna a 1979 cewa lokacin da jel ke ɗauka kafin ya kumbura ko ya tsuke yana tafiya ne da girmansa a ninka da kansa: idan kauri ya ninku biyu, jira ya ninku huɗu. Shi ya sa masu ƙera irin wannan kaya suke yin shimfiɗar siririya, ko su yi jel ɗin ƙanana-ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin ruwa. Yawancin mintocin da ake jira a tagar shago na ɗumamar gilashin ne kansa, ba na folimar ba.

Daga Maris labari ya canza. Tun ana ganin titi har azahar, aka koma sai walaha, a tsakiyar Afrilu kuwa kafin yaran shago su gama shara da kunna gawayin guga tagar ta riga ta yi fari, alhali rana tana can gabas, ba ta ko leƙo ta ba. Haka take yini, haka ake rufe shago a bar ta. Ƙaramar tagar arewa ce ta fi bayyana aibin, domin katangar maƙwabci da rumfa sun kare ta, rana ba ta taɓa ta ko sau ɗaya a yini, amma ita ma fara take tun hantsi. Babu hasken da take karewa, babu zafin da take mayarwa, abin da ta yi kawai shi ne ta rage wa mai yanka haske ta kuma hana shi ganin waje. Folima ba ta san rana ba, zafin jikinta kaɗai ta sani. A ƙasar da iska ba ta cika kaiwa 32 ba, babu abin da zai kai gilashi wannan mataki sai dukan rana, saboda haka juyin yana bin rana sau da ƙafa. A nan iska kaɗai ta isa ta haura matakin da digiri takwas ko goma, sai juyin ya daina bin rana ya koma bin kalanda. Abin da ake so a Maraɗi shi ne gilashin da zai ƙyale iskar bazara, ya rufe kawai idan rana ta doke shi, tunda gilashin da ke cikin rana yakan fi iskar kewayensa zafi sosai. A ganina matakin juyi na wajen 45 ne zai yi wannan aiki.

Kuma ba abu ne da ya gagari masana ba. Matakin juyi yana motsawa da yadda aka haɗa sarƙar: idan aka saka gaɓoɓi masu son ruwa, irin akirilamaid, a cikinta, ruwa yana ƙara riƙe ta, matakin ya hau, idan aka saka masu maiƙo, ya sauka. Gishiri ma yana saukar da shi, domin yana janye ruwa daga jikin sarƙar. Akwai kuma wasu folimomi da nasu matakin ya fi kusa da bukatarmu tun asali. Wadda ake kira HPC, da ake sarrafawa daga seluloz na itace ko auduga kuma ake sa ta a ƙwayoyin magani, tana rabuwa da ruwa tsakanin digiri 40 da 45. Dangin POEGMA ana iya saita su daga 26 har zuwa 90 ta hanyar canza yawan gaɓoɓi biyu da aka haɗa, kuma jinkirin komowarsu kaɗan ne. Abokin hamayyar folima a wannan fage, sinadarin banadiyam dayoksaid, nasa juyin a 68 yake, masu bincike suna ta fama su sauke shi. Abin takaici ne a ce na banadiyam ya yi sama da yawa, na PNIPAM ya yi ƙasa da yawa, tsakiyar da ta dace da mu tana nan a littattafai amma ba ita ake loda wa jirgin ruwa ba.

Sai tambayar da kowa ke yi, ko yana rage zafi. Yana ragewa, amma ba yadda mai sayarwa ke nunawa ba. Hasken da ido ke gani tsayin zangonsa daga nanomita 400 zuwa 700 ne, kusan rabin ƙarfin rana kuwa yana cikin hasken infared da ido ba ya gani, daga 700 zuwa 2500. Ƙananan ƙulle-ƙulle sun fi warwatsa gajeren zango, saboda haka gilashi yana iya yin fari fat a ido alhali wani kaso mai yawa na infared yana shigewa. Wannan ne ya sa masu bincike na MIT da Jami'ar Hong Kong suka yi ƙwayoyin jel manya fiye da na da, suka sanar a 2018 cewa shimfiɗarsu tana iya mayar da har kashi 70 cikin ɗari na zafin rana. Takardar namu kayan ta faɗi yawan hasken ido da ke ratsawa kafin juyi da bayansa, ba ta ce uffan a kan infared ba, kuma mai saye ya kamata ya lura da wannan shiru. Abin da jiki ya shaida shi ne, wanda ya zauna bayan tagar da la'asar ba ya jin cizon rana a wuya, kuma kan keken ɗinkin da ke kusa da ita, wanda a da ba ya taɓuwa, yanzu ana iya ɗora hannu. Amma gilashin kansa yana ɗaukar zafi yana turo shi ciki, kuma iskar shagon ba ta canza yadda za a kashe fanka ba. Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tana ratsa tsakar ka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, don haka rufin kwano ne ke shan mafi yawan dukan, ba taga ba.

Inda kayan ya yi abin a yaba shi ne wajen haske, kuma wannan yayana ya fi ni sani. Farin gilashi yana baza haske ko'ina cikin shago, babu ƙyalli a kan shadda, babu inuwar hannu a kan allura, launin zare yana fitowa yadda yake. A da labule ake saukewa da la'asar, shago ya yi duhu, a kunna ƙwan fitila idan akwai wuta. Da na kawo masa lissafin infared sai ya ce, “Malam, ajiye lissafinka. Tunda aka sa shi ban ƙara runtse ido ina zura zare ba.” Na ce, “Gaskiya ne, Yaya, amma gilashi mai hazo na yau da kullum ma zai ba ka wannan haske.” Ya yi shiru, sannan ya ce a hunturu ai mai hazo ba zai nuna wa mutane rigunansa ba. Nan ya fi ni hujja, amma ta wata uku ce.

Akwai wani saɓani da ba a faɗa wa mai saye. Da rana, lokacin da ɗan kasuwa yake so a ga hajarsa, shi ma ya ga wanda ya tsaya a ƙofa da babur ɗin da ya ajiye, gilashin a rufe yake. Da dare, lokacin da aka kunna fitila a ciki kuma ake bukatar sutura, shi ne lokacin da ya fi yiwuwa ya washe. Ga shago wannan asarar talla ce. Ga gidan aure kuwa ya fi haka nauyi, domin tagar da ta yini fara tana sa mutanen gida su saki jiki, su manta cewa bayan isha'i na waje yana ganinsu tar. Wanda zai sa shi a ɗakin iyali kada ya cire labule.

Damina ta zo da nata salon. A Agusta, da zafin yini kan tsaya kusa da matakin juyin, tagar takan yini tana kai da komo, gajimare ya gifta ta washe rabi, rana ta fito ta rufe, wani lokaci ta yi dabbare-dabbare. Ba lahani ba ne, amma ba kyan gani. Abin da ya fi damuna shi ne wani kumfa da ya bayyana a kusurwar sama ta babbar tagar bayan bazara, faɗinsa bai wuce kan yatsa ba, wurin ba ya fari kuma ba ya garau sosai. Alama ce ta cewa ruwa ya fara samun hanyar fita. Mafi yawan jel ɗin ruwa ne, rayuwarsa duka tana rataye a kan liƙin gefe, kuma liƙin yana fama da gilashi da alminiyam da ke buɗewa da rana suna tsukewa da dare, ga iskar hunturu da damshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari tana jan duk ɗigon da ta samu. A Turai tsoron masu wannan kaya shi ne ruwan ya daskare, a nan tsoron shi ne ya ƙafe. Idan ya fashe kuma, a share jel ɗin da tsumma a jefar inda yara da awaki ba za su kai ba. Folimar da ta gama haɗuwa ba ta da haɗari sosai, amma sinadarin da ake ƙera ta da shi ɗan'uwan akirilamaid ne, wanda ke cutar da jijiya, kuma akan sami ragowarsa a kayan da ba a wanke da kyau ba.

Game da aikin kafawa, masu alminiyam ɗin sun yi ƙoƙari. Firam ɗin ya zauna daidai, sun sa roba a ƙarƙashin gilashin don kada ya zauna a kan ƙarfe, sun bi gefuna da silikon, ruwan sama bai shigo ba. Abin da ya kamata a sani tun kafin a biya shi ne wannan gilashi ba ya yankuwa. Mai yanka gilashi da ya saba ja da lu'ulu'u ya ɓalle ba shi da abin yi a nan, tunda yanka ɗaya zai buɗe liƙin. Girman da ya zo da shi daga masana'anta shi za a bi, saboda haka sai da magini ya fasa gefen tagar shagon ya ƙara mata faɗi, kuɗin da bai shiga lissafin farko ba. Ya kuma fi gilashi guda nauyi ninki biyu ko fiye, don haka tagar da ake turawa tana bukatar taya mai ƙarfi. Takardar da Sinanci da Ingilishi take, babu Faransanci, kuma masu kafawar ba su karanta ta ba. Mai shigo da kayan mutum ne mai fara'a, ya zo da kansa ya duba kumfan. Na ce masa, “Alhaji, garantin nan na shekara nawa ne, kuma a ina aka rubuta?” Ya ce, “Haba Malam, ai muna tare, in ya lalace ka zo.” Ban yi shakkar niyyarsa ba, amma babu na canji a ajiye, kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina ko ta Kano da Jibiya, wanda ke nufin watanni da taga a toshe da kwali.

Farashinsa ya ninka na gilashi mai duhu sau da dama, kuma da abin da aka kashe a kan tagogin biyu da gyaran bango za a iya kafa rumfa mai faɗi a gaban shagon, a sa silin a ƙarƙashin kwano, a shafe rufin da farin fenti, har a dasa dogon yaro a bakin titi a kewaye shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tare rana tun kafin ta iso gilashi, wanda ya fi a bar ta ta iso sannan a yi ta kokawa da ita. Alhajin ya kuma ambaci wata shimfiɗar jel ta rufi mai yin gumi, yana tunanin kawowa. Tunanin na gaske ne: a 2012 masu bincike a jami'ar ETH ta Zurik suka gwada tabarmar PNIPAM da ke shan ruwan sama ta riƙe, idan zafi ya haura 32 ta matso shi waje ya ƙafe ya sanyaya rufi. Amma sai an yi ruwa take cika, mu kuwa zafinmu mafi tsanani yana zuwa ne kafin ruwan farko, bayan wata shida ko bakwai babu ɗigo. Wanda ya shimfiɗa ta a nan sai ya riƙa sayen ruwa wurin ƴan garuwa yana hawa da shi rufi, kuma na faɗa masa haka.

Wanda nake ganin kayan zai yi wa amfani yadda yake yanzu shi ne mai ɗaki ko ofis da ke da na'urar sanyaya iska, domin sanyin ciki yana iya taimakawa wajen riƙe jel ɗin ƙasa da matakin juyi har sai rana ta doke shi, sai juyin ya koma bin rana kamar yadda aka tsara. Haka ma mai aikin da ke son haske a baje fiye da ganin waje, irin maɗinki ko mai zane, idan tagarsa gabas ko yamma take kallo. A bangon da ke cikin inuwa kada a sa shi ko kyauta aka bayar. Duk wanda ya yanke shawarar saye ya sa a rubuta masa a rasit matakin juyi da lamba, da kason zafin rana gaba ɗaya da gilashin ke mayarwa, ba na hasken ido kaɗai ba, da shekarun da aka lamunce wa liƙin gefe, da wanda zai ɗauki kuɗin canji idan kumfa ya fito. Idan oda za a yi daga masana'anta, a nemi mai juyi tsakanin 42 da 45, a kuma karɓi guntun samfuri a tsoma shi a ruwan ɗumi da ma'aunin zafi kafin a biya sauran kuɗin.